Lokacin Auna Ƙwazon Aiki: Abin da Ke Faruwa a Jikin Ma'aikaci da Zuciyarsa

Kwanakin baya wani magidanci mai shekara 40 da 'yan kai, ma'aikacin wani banki, ya zo asibiti tare da matarsa. Mako uku ke nan yana fama da ciwon kai, da bugun zuciya, da rashin barci. Ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro har sau biyu, ya ɗora da na taifot, amma babu sauƙi. Gwajin jini bai nuna komai ba, sai dai awon jininsa ya kai 150/95. Na ce masa, "Malam, me ya canza a rayuwarka a 'yan makonnin nan?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba komai likita, aiki ne kawai. Mako mai zuwa za a yi mana afirezal, ni kuma ban cike taget ɗina ba." Sai matar ta karɓe zancen: "Likita, ko abinci ba ya ci. Yara ma sun daina zuwa kusa da shi."

Irin wannan mara lafiya ba baƙo ba ne a wurin likitoci. Mutane da yawa ba sa danganta ciwon jikinsu da takardar da shugabansu zai cika a kansu, wasu kuma suna jin kunyar faɗa. Wannan bayani zai nuna dalilin da ya sa auna ƙwazo yake girgiza mutum, da yadda za a bambanta damuwar da za ta wuce da wadda ta zama cuta, da abin da ma'aikaci da iyalinsa za su iya yi.

Mene ne auna ƙwazon aiki?

Shi ne tsarin da ma'aikata ko kamfani ke bi lokaci zuwa lokaci, galibi sau ɗaya ko biyu a shekara, domin shugaba ya duba aikin wanda ke ƙarƙashinsa ya ba shi maki. Ma'aikatan banki da na kamfanoni suna kiransa afirezal. Ma'aikatan gwamnati a Najeriya kuma sun fi saninsa da fom ɗin APER. A da, rahoton sirri ne shugaba ke rubutawa, ma'aikaci bai san abin da aka faɗa a kansa ba. Hukumar Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974, ita ce ta ba da shawarar a riƙa yi a buɗe, ma'aikaci ya karanta abin da aka rubuta ya sa hannu. A 'yan shekarun nan gwamnatin tarayya ta fara maye gurbin APER da sabon tsari mai suna PMS, inda ake yarjejeniya tun farkon shekara kan abin da ake so ma'aikaci ya cim ma.

Manufar abin mai kyau ce: a gane mai ƙoƙari a saka masa, a gane mai rauni a taimake shi. Amma a kan wannan maki ake rataya ƙarin girma, da ƙarin albashi, da sabunta kwantiragi, wani lokacin har da sallama daga aiki. A aikin gwamnatin tarayya, ma'aikacin da ke mataki na 07 zuwa na 14 yakan jira aƙalla shekara 3 kafin ya cancanci ƙarin girma, na mataki na 15 zuwa sama kuma shekara 4. Wanda ya yi wannan jira, ga kuɗin makarantar yara, ga haya, ga 'yan uwa da ke kallon hannunsa, ba zai ɗauki takardar a matsayin wasa ba.

Me ya sa jiki ke ɗaukar abin kamar haɗari?

Idan ƙwaƙwalwa ta hango barazana, takan aika saƙo zuwa wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda, su kuma su saki sinadarai biyu cikin jini. Na farko adirenalin, wanda ke aiki cikin daƙiƙoƙi: zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, tafin hannu ya yi gumi, baki ya bushe. Na biyu kotisol, wanda ke biyo baya cikin mintuna: ya ƙara sukari a jini, ya hana jiki sakewa. An halicci wannan tsari ne domin ya ceci mutum daga maciji ko gobara. Sai dai ƙwaƙwalwa tana tayar da shi ko da abin da ke cikin haɗari mutuncin mutum ne.

A 1993 wasu masana a Jami'ar Trier da ke Jamus suka wallafa wani gwaji da har yau ake amfani da shi wajen nazarin damuwa. Ana tsayar da mutum gaban wasu alƙalai ya yi jawabi na minti 5 kamar mai neman aiki. Daga nan ya yi minti 5 yana lissafi da ka, yana cire 13 daga 1,022 a jere, in ya yi kuskure a ce ya koma farko. An umarci alƙalan kada su yi murmushi, kada su gyaɗa kai. Babu duka, babu zagi, amma kotisol ɗin da ake aunawa a yawun mutanen yakan ninka sau biyu zuwa huɗu.

A 2004 kuma masu bincike biyu a Amurka, Sally Dickerson da Margaret Kemeny, suka tattara gwaje-gwaje 208 don su gano irin yanayin da ya fi tayar da kotisol. Suka gano abubuwa biyu: mutum ya san wasu suna auna darajarsa, kuma ya ji sakamakon ba ya hannunsa. Inda waɗannan biyu suka haɗu, nan sinadarin ya fi hawa, kuma ya fi daɗewa kafin ya sauka. Duk wanda ya taɓa zama gaban ogansa ana duba fayil ɗinsa ya san wannan yanayi. Saboda haka ma'aikacin da cikinsa ya ɗuri ruwa a ƙofar ofishin shugaba ba rago ba ne, kuma ba raunin imani ke damunsa ba. Jikinsa ne ke yin aikin da aka gina shi a kai.

Kafin zama, lokacin zama, da bayansa

Ga mutane da yawa, makonnin jira sun fi ranar kanta wahala. Mutum ya kwanta yana ta bitar kurakuran da ya yi tun watan Janairu, yana shirya amsar tambayoyin da wataƙila ba za a yi masa ba. Barci ya ragu, fushi ya ƙaru. A wannan lokaci ne ake yawan jin ciwon kai mai ɗaure goshi da ƙeya kamar an naɗa rawani da ƙarfi, da ciwon wuya da kafaɗa, da ƙwannafi, da kumburin ciki ko gudawa. Mai hawan jini kan ga awonsa ya tashi, mai ciwon suga kuma ya ga sukarinsa ya ƙi daidaita duk da bai canza abinci ba.

A cikin zaman kuwa, damuwa tana taƙaita tunani. Mutum ya manta ayyukan da ya yi, harshensa ya sarƙe, ko ya shiga kare kansa da zafi. Akwai kuma wata ɗabi'a ta ɗan Adam: magana mara daɗi ta fi mai daɗi nauyi a zuciya. Shugaba zai yi yabo tara ya yi gyara ɗaya, ma'aikaci ya fita da gyaran nan kaɗai a kansa.

Bayan zama, wasu kan samu sauƙi nan take. Wasu kuma sai su shiga tuƙa da warwara: me ya sa ban ce kaza ba, me yake nufi da kalmar nan. Wannan maimaita tunani shi ne ke tsawaita damuwa, domin duk lokacin da aka sake kawo abin a rai, jiki yana amsawa kamar yanzu yake faruwa.

Ba kowane gyara ne ke gyara ba

Hausawa na cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma gaskiya ne, ma'aikaci yana bukatar a faɗa masa inda ya gaza. Amma yadda aka faɗa yana da tasiri. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi suka haɗa sakamako 607 daga bincike daban-daban kan tasirin faɗa wa mutum yadda aikinsa yake. A jimlace aikin mutane ya inganta. Sai dai a sama da kashi ɗaya cikin uku, aikin ƙara lalacewa ya yi. Bayanin da suka bayar shi ne, idan gyaran ya tsaya kan aikin, mutum yakan mayar da hankali ga yadda zai inganta shi. Idan kuma ya koma kan mutumin kansa, hankali yakan tafi ga kare mutunci, a bar aikin.

Dubi bambancin waɗannan maganganu biyu. "Rahotonka na wata uku ya makara da mako biyu, me ya hana?" Da kuma, "Kai dai ba ka da himma." Ta farko ta nuna abin da za a gyara. Ta biyu hukunci ce a kan mutum, babu abin da zai yi da ita sai ya haɗiye ko ya yi musu.

Makin yana auna wa?

Wannan tambaya tana da muhimmanci ga lafiyar mai karɓar maki. Tun a 1920 masanin halayyar ɗan Adam Edward Thorndike ya lura cewa idan hafsoshin soja suna auna na ƙasa da su, kyakkyawan zato a kan abu ɗaya yakan bazu zuwa sauran. Wanda aka ga yana da kyan tsayuwa sai a ba shi maki mai yawa a basira da shugabanci. Haka kuma akasinsa. Akwai kuma halin tuna abin da ya faru kwanan nan a manta da na watannin baya, da halin fifita wanda ya yi kama da mai aunawa a ɗabi'a ko asali. Wani shugaban hannunsa a sake yake wajen ba da maki, wani kuma a danƙe.

Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2000 ya duba makin da aka bai wa manajoji 4,492, kowanne daga shugabanninsa da abokan aikinsa da na ƙasa da shi. Fiye da rabin bambancin da aka gani a makin ya samo asali ne daga ɗabi'ar masu ba da makin. Abin da ya danganci ainihin aikin wanda ake aunawa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da duk abin da shugaba ya faɗa. Sau da yawa akwai gaskiya a ciki, kuma mai hankali yakan tsince ta. Abin nufi shi ne, makin ra'ayin mutum ɗaya ne ko biyu a kan wani yanki na aikinka a wani ɗan lokaci. Bai auna tarbiyyar da ka ba 'ya'yanka ba, bai auna amanarka ba, bai kuma yanke abin da za ka zama nan da shekara biyar ba. Marasa lafiyar da suka fi jigata su ne waɗanda suka karanta "bai cike taget ba" suka fassara shi da "ba ni da amfani".

Rashin adalci ya fi ƙarancin maki ciwo

Mutane sukan haƙura da maki kaɗan idan sun gamsu an bi gaskiya: an faɗa musu abin da ake so tun farko, an auna kowa da mudu ɗaya, an saurare su, an yi musu magana cikin mutunci. Abin da ke cin rai shi ne mutum ya ga wanda ba ya zuwa aiki sai ranar albashi ya fi shi maki saboda yana da uwa a gindin murhu, ko a ɗora masa laifin abin da ba shi da iko a kai, kamar malamin da aka ba aji mai ɗalibai fiye da ƙima sannan aka tuhume shi da faɗuwarsu.

Wannan yana da alaƙa da lafiyar jiki. A birnin Landan akwai wani dogon bincike mai suna Whitehall II da aka fara a 1985 a kan ma'aikatan gwamnati 10,308. A wani sashe nasa da aka wallafa a 2005, an bi diddigin maza sama da 6,000, aka ga waɗanda ke jin ana yi musu adalci a wurin aiki sun fi sauran ƙarancin kamuwa da ciwon jijiyoyin zuciya da kusan kashi 30 cikin 100, ko bayan an yi la'akari da shan taba, da ƙiba, da hawan jini. Zama ɗaya na auna ƙwazo ba zai jawo ciwon zuciya ba. Haɗarin yana cikin shekarun da mutum ya kwashe yana zuba ƙoƙari ba ya ganin sakayya, yana haɗiye takaici kullum.

Yadda abin ke shafar zamantakewa

A ofis, tsarin da ke jera ma'aikata daga na ɗaya zuwa na ƙarshe yakan mayar da abokan aiki kishiyoyi. Kamfanin General Electric na Amurka ya shahara da wannan a zamanin shugabansa Jack Welch: kashi 20 cikin 100 na sama a ba su lada, kashi 70 na tsakiya a bar su, kashi 10 na ƙasa a sallame su. A irin wannan tsari, ko kowa ya yi ƙoƙari dole a samu na ƙarshe, don haka taimakon abokin aiki ya zama asara. Kamfanin Microsoft ya yi amfani da makamancinsa, ya daina a 2013. Inda ake haka, akan ga ɓoye bayani, da kai tsegumi wurin oga, da fadanci.

A wurinmu akwai ƙarin abubuwa. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici, yabon kai abin ƙi ne, ga shi fom yana cewa ka lissafa nasarorinka. Mai kawaici sai ya rage wa kansa, mai baki ya wuce shi. An kuma koya mana cewa ba a musu da na gaba, saboda haka ma'aikaci kan sa hannu a kan abin da bai yarda da shi ba, ya fita yana ƙuna. Idan kuma shugaban yaro ne, wanda ake aunawa ya haife shi, nauyin yana kan su biyun. Shi ma shugaba yana da tasa damuwar: zai rubuta gaskiya a kan mutumin da suke sahu ɗaya a masallaci, wanda ya san matarsa da 'ya'yansa? Wannan ne ya sa wasu ke bai wa kowa maki mai yawa don a zauna lafiya, abin da ke karya gwiwar masu ƙoƙari na gaskiya.

Mata ma'aikata sukan fuskanci wani nauyin daban, musamman wadda ta dawo daga hutun haihuwa ko take shayarwa, tana tsoron a lissafa mata watannin da ba ta nan a matsayin gazawa.

A gida kuwa, fushin da ba a iya saukewa a kan oga ba yakan sauka a kan mata, ko miji, ko yara. Wani ya daina zuwa majalisa don gudun a tambaye shi labarin ƙarin girma. Kaɗaicin nan kuma yana ƙara wa damuwa ƙarfi.

Su wa abin ya fi yi wa illa?

- Wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa ko na fargaba, ko ake da shi a danginsa.
- Mai son komai ya fita babu aibi, wanda kuskure ɗaya ke hana shi barci.
- Ma'aikacin kwantiragi ko na wucin gadi, da sabon ɗauka da ba a tabbatar da shi ba.
- Wanda shi kaɗai ne ke ɗauke da gida, ko yake cikin bashi.
- Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, ko asma.
- Wanda dama akwai tsama tsakaninsa da shugabansa.

Yaushe damuwa ke zama cuta?

Faɗuwar gaba na 'yan kwanaki kafin zama, da ɓacin rai na 'yan kwanaki bayansa, abu ne da aka saba. Alamar cewa lafiya lau ne ita ce mutum yana ci, yana barci ko da ba kamar da ba, yana zuwa aiki, kuma abin yana raguwa kullum.

A je a ga likita idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai kusan kullum har tsawon mako 2 ko fiye.
- Rashin barci da ya ƙi wucewa, ko farkawa da tsakar dare a kasa komawa.
- Rashin cin abinci da rama, ko kasala mai hana aiki.
- Jin cewa mutum ba shi da amfani, ko ya zama nauyi ga iyalinsa.
- Firgici mai zuwa farat ɗaya da bugun zuciya, da sarƙewar numfashi, da jin kamar za a mutu.
- Fara dogaro da ƙwayoyi, ko maganin barci, ko giya, don a samu natsuwa.
- Awon jini da ke kaiwa 140/90 ko fiye a ranaku daban-daban.

Abubuwa biyu ba sa jira. Na farko, tunanin kashe kai ko maganar cewa gara mutuwa. Kada a bar mutumin shi kaɗai, a kawar da guba da magunguna da makami daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Na biyu, ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an ɗora dutse, musamman in yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, tare da gumi. Kada a ce damuwa ce kawai, a tafi sashen gaggawa.

Akwai kuma gajiyar aiki mai cin rai, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 a matsayin matsalar da ke tasowa daga damuwar wurin aiki da ta daɗe ba a magance ba. Alamominta uku ne: ƙarewar kuzari, da jin aikin ya fita daga rai, da raguwar ƙwazo. Mai wannan hali yakan samu maki kaɗan, makin ya ƙara masa gajiya, abin ya riƙa zagayawa.

Abin da ma'aikaci zai iya yi

Tunda rashin iko a kan sakamako yana cikin abin da ke tayar da damuwa, duk abin da ya dawo maka da wani ɓangare na iko magani ne.

Tun farkon shekara, ka nemi shugabanka ya fayyace maka abin da za a auna ka a kai, a rubuce in zai yiwu. Ka ajiye ɗan littafi ko fayil a waya, duk ƙarshen mako ka rubuta abin da ka kammala da abin da ya kawo cikas. Ranar zama ba za ka dogara da ƙwaƙwalwar da tsoro ya rufe ba, kuma karanta abin da ke rubuce ya fi yabon kai da baki sauƙi ga mai kunya. Kada ka jira ƙarshen shekara, ka riƙa tambaya lokaci zuwa lokaci: "Ranka ya daɗe, akwai inda kake ganin zan gyara?"

A makon zaman, ka kiyaye barcinka, awa 7 ko fiye. Ka rage kofi, da shayi mai kauri, da goro, da lemukan ƙara kuzari, musamman daga la'asar, domin suna ƙara bugun zuciya. Tafiyar ƙafa ta minti 30 a rana tana rage damuwa. Kada ka tsallake maganin hawan jini ko na suga. Kafin ka shiga, ka ja numfashi ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu, ka sake shi kana ƙirga shida, ka maimaita na minti biyu. Fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya.

A cikin zaman, ka shiga da biro da takarda. Idan aka yi maka magana a dunƙule, ka mayar da ita kan aiki cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ko za a ba ni misali don in gane inda zan gyara?" Idan ka ji zuciyarka ta hau, ka nemi a ba ka lokaci ka yi nazari kafin ka ba da amsa. Magana zarar bunu ce.

Bayan zaman, ka bar kwana ɗaya ko biyu kafin ka ɗauki wani mataki. Kada ka rubuta takardar ajiye aiki ko saƙon fushi a ranar. Sannan ka raba abin da aka faɗa gida uku: wanda gaskiya ne kuma za ka iya gyarawa, wanda gaskiya ne amma ba ya hannunka, da wanda ba ka yarda da shi ba. Na farko ka yi masa shiri. Na biyu ka bayyana shi a rubuce. Na uku ka bi hanyar ƙorafi ta wurin aikinka, ta sashen kula da ma'aikata ko ƙungiyar ƙwadago, da hujjojinka a hannu. Addu'a da tawakkali suna sanyaya zuciya, kuma ba sa hana mutum neman haƙƙinsa ko neman magani.

Gargaɗi: kada a sha diyazefam, ko tiramadol, ko kodin don samun barci ko ƙarfin hali. Suna kama jiki, kuma fita daga cikinsu ya fi damuwar da ta kai mutum wahala.

Rawar da iyali za su taka

Sau da yawa iyali ne ke fara ganin canji. Labarin zuciya a tambayi fuska. Idan maigida ko uwargida ta dawo a yamutse, a ba ta lokaci ta huta kafin tambaya. A saurara ba tare da gaggawar ba da shawara ba. A guji kwatanta shi da wane da aka ƙara wa girma, a kuma guji cewa "ai ba komai ba ne", domin a wurinsa komai ne. A jinkirta manyan buƙatun kuɗi na 'yan kwanaki in da hali. A tuna masa da maganinsa, a ja shi zuwa cikin mutane. Idan alamomin da aka lissafa a sama suka bayyana, a raka shi asibiti. Yara kuma a faɗa musu cewa Baba ya gaji ne da aiki, ba laifinsu ba ne.

Ga masu auna wasu

Idan kai ne ke riƙe da biron, lafiyar wani tana cikin abin da za ka rubuta da yadda za ka faɗe shi. Kada ka tara gyara na shekara guda ka sauke a rana ɗaya. Ka yi zaman a keɓe, ka yi magana kan aiki da misalai, ka bar shi ya faɗi nasa. Idan ka ga ma'aikaci mai ƙwazo ya canza farat ɗaya, ka tambayi lafiyarsa kafin ka ba shi takardar tuhuma.

Me za a yi a asibiti?

Likita zai saurari bayani, ya auna jini da sukari, ya duba ko akwai wata cuta mai kama da damuwa, kamar ƙarancin jini ko matsalar maƙoƙo. Da yawa ba sa bukatar ƙwaya, tattaunawa da ƙwararre kan yadda za su sarrafa tunaninsu ta wadatar. Idan ciwon damuwa ya yi ƙarfi, akwai magunguna masu inganci, sai dai sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin amfaninsu, kuma ba a daina su farat ɗaya sai da shawarar likita. Ana samun likitocin ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka, kuma abin da ka faɗa wa likita amana ce, ba a kai wa wurin aikinka ba da izininka ba. A Najeriya, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci damuwar da aiki ya jawo a cikin abubuwan da za a iya neman diyya a kansu bisa wasu sharuɗɗa.

Shi kuwa magidancin da na fara da labarinsa, mun zauna ya rubuta abin da ya yi a shekarar da abin da ya hana shi cike taget, ya daina shan kofi da dare, matarsa ta ɗauki nauyin fita da shi tafiyar ƙafa bayan sallar asuba. Makin da ya samu bai kai yadda ya so ba, amma ba a sallame shi ba. Da ya dawo bayan wata guda barcinsa ya daidaita, ciwon kan ya tafi. Awon jininsa dai bai sauka yadda ake so ba, wanda ya nuna dama yana da hawan jini bai sani ba, muka ɗora shi a kan magani. Idan kai ko wani naka yana cikin irin wannan hali, kada a tsaya ga maganin zazzaɓi. A je asibiti, kuma a faɗa wa likita abin da ke faruwa a wurin aiki.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.